Fitilar da ta juya hali ba ƙonewa ta yi ba

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a rumfunan gyaran kayan wuta a Matameye, kuma ta ishe ni: "Alhaji, injin ya ƙone, sai dai a aiko da wani daga Kano." Ana faɗinta ko da abin da ya faru bai wuce fitila ta juya hali ba. Ka danna kashewa ta kama, ka danna kunnawa ta mutu, ka rage haske ta ƙara. Tun da Najeriya ta katse wa Nijar kuran a watan Agustan 2023 jama'a suka ƙara rungumar sola da batir, fitilun LED suka cika shaguna da allunan talla har da babura, kuma da yawansu haɗe-haɗe ne: igiyar fitila daga wannan kwali, na'urar sarrafa ta daga wancan.

Ta hanya ɗaya wuta ke ratsa ƙwayar LED, kuma wata 'yar na'ura da ake kira aisi ce ke kunna ta. Haɗin iri biyu ne. Ko dai aisin ta tura wa ƙwayar wuta, ko kuwa ƙwayar na ɗaure da wuta kullum, aisin ta buɗe mata mafita kawai. A haɗin farko fitila na kamawa idan ƙafar aisin ta ɗauki wuta, a na biyu sai ƙafar ta sauke. Aisi ba ta da idon ganin yadda aka haɗa ta, gaya mata ake yi. Ɗauki PCA9633 ta kamfanin NXP, mai riƙe fitilu huɗu: tana da saiti guda da ke juya dukkan ƙafafunta, don masu sa tiransisto tsakaninta da fitila. Mai gaya mata kuwa manhaja ce. A kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, wanda kuma ke cikin kowace salular Android, direban fitila yana karanta bayanin allon injin, layi ɗaya ne ke cewa wannan fitila a juye take. Ana ƙirga haske daga 0 zuwa 255. Idan layin nan ya saɓa da haɗin waya, 0 ya zama cikakken haske, 255 ya zama duhu.

To, malam mai gyara, tsaya ka yi tunani. Ta yaya ƙonannen abu zai riƙa bin umarni? Yaron da ka ce ya yi gabas ya yi yamma, ka ce yamma ya yi gabas, ba kurma ba ne, sarai yake jin ka. Fitilar da ke amsa maɓalli a juye tana shaida maka cewa batir na ba da wuta, aisi na da rai, ƙwayar ma lafiya lau. Wadda tiransistonta ya ƙone ya haɗe ita ce ke kama wuta ta ƙi mutuwa ko me ka danna. Bambancin nan ko minti ɗaya ba ya ci kafin a gane shi, amma sai a ciro inji mai lafiya a jefa kwandon tarkace, a sa mai rake ko mai shayi ya biya kuɗin sabo da na mota. Wanda bai sani ba, ya tambaya. Wanda ya sani ya yi shiru don ya sayar da kaya, wannan cin amana ne, kuma zai amsa a gaban Allah.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu "gwada sa'a", masu juya wayoyi ja ta koma wurin baƙa. Juya ƙafafun ƙwaya ba ya gyara umarnin da ya juye, mutuwa kawai za ta yi gaba ɗaya, kuma ƙananan ƙwayoyi da yawa ba a lamunce musu fiye da volt 5 a juye ba. Juya batir mai volt 12 a kan na'urar sarrafawa kuwa, nan ne za ka ji ƙauri, maganar ƙonewa ta tabbata da hannunka.

Ƙura, zafin bazara da dalmar da ta saki su ma suna lalata fitila, amma ba sa juya ta.

Saboda haka kafin ka ɗauki ƙarfen dalma, tambayi mai kaya me aka canja. An yi wa na'urar filashin da manhajar wani samfuri? Inji biyu na iya kama da juna, haɗin fitilarsu ya bambanta, sai a mayar mata da tata. An sauya igiyar fitila mai launi uku? Duba wayar da launukan suka yi tarayya a kanta: idan an rubuta +12V a gefenta, na'urar da za ta ja ta dole ta zama mai buɗe mafita. Sa mita ka auna ƙafar aisin kana danna maɓalli, in awon na hawa yana sauka, tana aiki. A ƙwaya sabuwa doguwar ƙafa ce ke karɓar wuta, gefen da aka shafe shi ne mafita. Ɗauki hoton haɗin da salularka kafin ka kwance komai. Kai kuma mai saye, sayi igiya da na'urarta tare, a gwada maka su a shagon, kunnawa da kashewa da rage haske, kafin ka miƙa kuɗi.