Yadda Ake Kwaikwayon Tauraro Mai Wutsiya a Ɗakin Gwaje-gwaje

Tauraro mai wutsiya dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura wanda ya rage tun lokacin da duniyoyi suka samu, kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, kuma a 1950 ne masanin taurari ɗan Amurka Fred Whipple ya fito da wannan bayani game da ƙirarsa. An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ajiyar da ta tsira daga canji, amma da kumbon Giotto ya wuce kusa da tauraron Halley a 1986, sai aka tarar jikinsa ya fi gawayi baƙi, abin da ya sa masana suka soma tambayar yadda ƙanƙara take rikiɗewa ta koma haka.

Da yake ba a iya zaman jiran abin da yake ɗaukar dubban shekaru, sai aka koma ɗakin gwaje-gwaje. Tsakanin 1987 da 1993, Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta Jamus da ke birnin Kolon ta gudanar da gwaji 11 da aka sani da suna KOSI, inda aka riƙa fesa ruwan da aka dama da garin ma'adinai cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, sannan a saka abin da ya daskare cikin wani babban ɗaki na ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, a haska masa fitilu masu ƙarfi a madadin rana. Inda babu iska, ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa, tana tashi ne kai tsaye ta zama tururi, kamar yadda kafur yake ƙarewa a cikin akwati ba tare da ya jiƙa tufafi ba. Yayin da tururin yake fita yakan yi gaba da ƙananan ƙwayoyin ƙura, ya bar manya a sama, har su taru su zama busasshen rufi mai duhu wanda yake tare zafi, ya kuma rage fitar tururin. Abin da ya fi jan hankali shi ne cewa ba dukan tururin ne yake fita waje ba, domin wani kaso yakan nutsa ciki inda ya fi sanyi, ya sake daskarewa a tsakanin ƙwayoyin, ya manne su da juna, ta yadda a ƙarƙashin ƙura mai laushi sai a sami ɓawo mai tauri. Ranar 12 ga Nuwamba 2014, ƙaramin kumbon Philae da kumbon Rosetta ya ɗauko ya sauka a kan tauraron 67P, kuma gudumar da aka tanada don kafa ma'auninsa ta kasa huda abin da ke ƙarƙashin ƙurar, lamarin da masana suka danganta da irin wannan ɓawo.

Akwai kuma canjin da yake faruwa nesa da rana. A Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Mayo Greenberg da abokan aikinsa sun daskarar da ruwa haɗe da wasu iskoki a sanyin digiri 263 ƙasa da sifili, suka haska musu hasken ultrabayolet, wato haske mai kaifi da ido ba ya gani, kuma da aka ɗumama haɗin sai ya bar wani saura mai launin rawaya na sababbin sinadarai. A 2002 rukuni biyu na masana suka sami sinadaran amino, waɗanda su ne tubalan gina furotin, a irin wannan saura, daga baya kuma Rosetta ya gano ɗaya daga cikinsu, gilaisin, a iskar da ke kewaye da 67P.

Duk da haka, gwajin yana da iyakar da bai kamata a rufe ido a kanta ba, tunda yana cusa aikin shekaru masu ɗimbin yawa cikin awoyi ko kwanaki, a ƙarƙashin jan ƙasa irin na duniya wanda ya ninka na tauraron sau dubbai, kuma mai binciken ne da kansa yake zaɓen kayan haɗin. Kumbon Stardust ya dawo da ƙurar tauraron Wild 2 a 2006, amma har yau babu kumbon da ya kawo ƙanƙarar tauraro mai wutsiya duniya a daskare.