Ina 'Ya'yan Amano Suke Shiga?

Akwatin gilashi ne cike da tsirran ruwa, da 'yan kifayen neon tetra, da jatan lande iri biyu: ƙananan jajaye da ake kira ceri, da manya masu ruwan toka da ɗige-ɗige a gefe, wato Amano. Sunan Takashi Amano suka ci, ɗan Japan ɗin nan da ya rasu a 2015, wanda ya yayata su saboda cin gansakukarsu. Ceri suna ta hayayyafa. Ita kuwa macen Amano sai ta ɗauki ƙwai a ƙasan cikinta, ta yi kusan wata guda tana yi musu fifita da 'yan ƙafafunta, rana ɗaya a wayi gari cikin wayam, babu ƙwai, babu 'ya'ya.

Kifi aka fara tuhuma, kuma da dalili, don tetra ba ya barin abin da ya shiga bakinsa. Aka kwashe su, ba ta canza zane ba. Aka ɗaura soso a bakin matatar ruwa ko ita ke zuƙe 'ya'yan. Shiru. Sai aka koma kan jan ƙarfe, wanda ke cikin wasu magungunan kifi, guba ne kuma ga jatan lande. Wannan zargin ma bai je ko'ina ba: ga jariran ceri nan suna kiwo a kan ganye lafiya lau, ai da su zai fara kashewa.

Bakin zaren yana jikin ƙwan. Ceri tana ɗaukar ashirin zuwa talatin, manya-manya, kowanne ya fashe da cikakken jatan lande ɗan mitsitsi. Na Amano ɗaruruwa ne, ƙanana kamar ƙura. Ƙwai mai wannan ƙanƙanta ba ya ɗaukar guzurin da zai kammala halitta. A daren ƙyanƙyasa, a kashe fitila a haska tocila a kusurwa ɗaya, za a ga wasu 'yan fararen abubuwa suna shawagi kai a ƙasa, suna taruwa wajen hasken. Ashe suna fitowa, kwana kaɗan ne kawai suke yi su mutu.

A rafukan Japan da Taiwan, inda asalinsu yake, ruwa ne ke kwashe su zuwa teku. Can suke cin ƙananan halittun da ke yawo a ruwan gishiri, su yi ta saɓa har su rikiɗe, sannan su hauro rafi da ƙafarsu. Mai son ya raya su sai ya zuƙe su da sirinji, ya zuba a wani mazubi mai gishirin teku kimanin giram 30 zuwa 35 a kowace lita, ya ciyar da su koren ruwa mai irin waɗannan ƙananan halittun wajen wata guda ko fiye, kafin ya maido su ruwan daɗi sannu a hankali. Iyayen kuwa ba sa jure wannan gishirin. Wahalar ce ta sa akasarin Amano da ke kasuwa daga rafi aka kamo su.