Layyar Annabi Ibrahim Da Gardamar Masana A Kan Imani Da Haƙƙi

Kowace shekara, ran 10 ga watan Zulhajji, Musulmi kan yanka dabbobin layya domin tunawa da Annabi Ibrahim, Alaihissalam, wanda ya kwantar da ɗansa zai yanka saboda biyayya ga Ubangijinsa. Yahudawa da Kirista su ma suna da wannan labari a babi na 22 na Littafin Farawa, sai dai su Ishaku suke ambata, galibin malaman Musulunci kuwa suka ce Isma'ila ne. Cikin labarin nan akwai tambayar da ta daɗe tana hana masana barci, wato idan mutum ya ga kamar umarnin Allah ya ci karo da haƙƙin da ke wuyansa na kare ran ɗan'uwansa, wanne zai bi?

Imanuwel Kant, shahararren masanin falsafa na Jamus, ya ba da tasa amsar a 1798. A ganinsa, haramcin kashe ɗan da bai yi laifi ba abu ne tabbatacce, amma mutum ba shi da hanyar tabbatar da cewa muryar da ya ji daga Allah take. To, ba a barin tabbas a kama shakka. Saboda haka duk muryar da ta yi umarni da zalunci, in ji shi, sai a tuhume ta ko da daga sama ta fito.

A 1843, wani ɗan ƙasar Danmak mai suna Soren Kirkigad ya wallafa littafin da ma'anar sunansa ita ce Tsoro Da Makyarkyata. Ya ce in da ma'aunin ɗabi'a kaɗai za a auna, abin da Annabi Ibrahim ya yi niyya kisan kai ne, amma a ma'aunin imani ibada ce. Sarkin da ya sadaukar da 'yarsa don ceton rundunarsa yana iya yi wa jama'a bayani su gane, har su taya shi kuka. Annabi Ibrahim kuwa, bisa yadda labarin ya zo a Littafin Farawa, ba shi da hujjar da zai gabatar wa kowa, domin al'amarin tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Kirkigad bai ɓoye haɗarin wannan magana ba. Ya kawo misalin mutumin da zai ji wa'azin labarin ran Lahadi a coci, ya koma gida ya ɗauki wuƙa, alhali kuwa mai wa'azin shi ne zai fara la'antarsa.

Malaman Musulunci sun riga Turawan nan shiga wannan fage da ƙarnuka da dama. Mu'utazilawa, mabiyan Wasilu ɗan Aɗa'u na Basra wanda ya rasu a 748, suka ce hankali kaɗai ya isa ya gane kyawun adalci da munin zalunci tun kafin zuwan saƙo. Imam Abul Hasan Al'ash'ari, wanda ya fita daga cikinsu, ya ce shari'a ce ke bayyana abin da ake ba da lada ko azaba a kansa, babu kuma mai ɗora wa Allah wajibi. Mai karatu zai iya zaton wannan ra'ayi ya buɗe wa kowa ƙofar cewa an umarce shi. Ko kusa ba haka ba ne, domin shari'ar da ake nufi ita ce wadda ke rubuce a fili, kowa na iya dubawa.

Malamai sun yi bayani cewa mafarkin annabawa wahayi ne, wahayi kuwa ya yanke da Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam. Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya nanata cewa ba a kafa hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba. Kafinsa, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa abubuwa 5 da shari'a ta zo domin ta tsare, wato addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Bugu da ƙari, a Suratus Saffati, Annabi Ibrahim bai yi shiru ba: ya gaya wa ɗansa mafarkin, ya nemi ra'ayinsa, daga ƙarshe kuma aka fanshi yaron da abin yanka.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da wannan iyaka. A watan Disamba na 1980, tarzomar Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda ya ɗauki kansa a matsayin da ya wuce na malami, ta ci rayuka fiye da 4,000 a Kano. A watan Maris na 2000, a Kanungu ta ƙasar Yuganda, da wasu wurare na ƙungiya guda, an sami gawawwaki fiye da 700 na mabiyan shugabannin da suka yi da'awar ana yi musu wahayi. Addinan sun bambanta, amma cutar iri ɗaya ce: mabiya sun miƙa lamirinsu ga mutumin da ya ce ya ji abin da su ba su ji ba.

Kant da Shaɗibi ba su yi tarayya a aƙida ba, ba su kuma yi tarayya a kan matsayin Annabi Ibrahim ba. Duk da haka, game da mutumin yau, hanyoyinsu sun haɗu a wuri guda. Gardamar ko hankali ne ko nassi ke gaba tana nan a zaurukan ilimi, watakila ba za ta ƙare ba. Amma duk wanda ya zo da mafarki ko ilhama yana neman jinin wanda bai ji ba bai gani ba, to, littafi da hankali duka sun ba da izinin a ƙi shi, kome girman rawaninsa.