Kokowa: yadda ɗan wasa zai riƙe ƙarfinsa lokacin da yake jinyar rauni

Da zarar an kai gero rumbu, sai kiɗan kokowa ya tashi a garuruwan Madaoua, Bouza da Keita. Daga waɗannan filaye ne ake fara tankaɗe, har a kai ga ƴan kokowa 10 da za su wakilci jihar Tahoua a gasar takobin ƙasa, wadda aka soma a birnin Tahoua a 1975, shekarar da Yacouba Ango Kantou na Maradi ya ɗauki takobi. Saurayin da ya samu targaɗe a gwiwa ko kafaɗarsa ta goce a watan Oktoba, shekara guda ce yake gani tana shirin kuɓuce masa.

A nan ne da yawa ke yin ɗaya daga cikin kuskure biyu. Wani ya kwanta a tabarma wata biyu, ya tashi da teɓa, numfashi ya ragu. Wani kuma makaɗa su zuga shi, ya haɗiye tramol ya koma fili bayan sati guda. Na biyun ya fi muni, domin ƙwayar ba ta haɗa jijiyar da ta yage, zafin kawai take ɓoyewa, alhali zafin ne ke gaya wa mutum ya dakata.

Kafin komai sai an san irin raunin. Ƙaramin targaɗe kan lafa cikin sati 2 zuwa 3, karaya na neman sati 6 zuwa 8 ko fiye, tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa maganar watanni ce. Hannu kaɗai ba ya rarrabe su, shi ya sa hoton ƙashi, wanda aka fi sani da radiyo, ke da amfani ko da za a je Galmi ko babbar likitar Tahoua. Masu ɗori suna da daraja a Ader, kuma wurinsu aka fi fara zuwa. Amma in ɗaurin ya matse har yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka fara baƙi, a kwance shi a nufi likita a ranar, don ana rasa hannu ta wannan hanya.

Sauran jiki kuwa ba hutu yake ba. Naman gaɓar da aka ɗaure yakan fara zubewa cikin sati biyu, sai dai likitoci sun lura cewa motsa lafiyayyen hannu ko ƙafa na rage asarar ƙarfi a ɗayan da ke ɗaure. Mai ciwon kafaɗa na iya tafiyar sauri da asuba, ya hau tuddan duwatsun Bouza ko Keita, ya riƙa tsugunawa yana miƙewa. Mai ciwon gwiwa ya zauna ya ja igiya, ya ɗaga ƙaramin buhun yashi, ya ƙarfafa ciki da baya da riƙon yatsu, waɗanda su ne jarin ɗan kokowa in an sarƙe. Ma'aunin ɗaya ne: motsin da ya sa wurin ya kumbura washegari ya yi yawa.

Abinci ma sai an sake lissafi. Ƙwaryar furar da ake shanyewa lokacin atisaye ta yi wa mai jinya yawa. A rage hatsi da sukari, a riƙe nono, wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli da zogale, da kilishin Madaoua in aljihu ya yarda.

Komawa fili sai a hankali: gudu a yashi, sannan kama da abokin da bai kai shi nauyi ba, kafin kokowar gaske. Wanda bai iya tsalle da ƙafar da ta yi ciwo kamar ɗayar ba, lokacinsa bai yi ba. Kafaɗar saurayi da ta goce sau ɗaya tana saurin sake gocewa, kuma abokan karawa sun san wadda za su kama.