Yarfen Kasuwa a Zamanin Wayar Hannu

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu tsaya ne a kan wata cuta da ta daɗe a kasuwa, wadda wayar hannu ta yi wa fukafukai, wato yarfe da cin zarafin da mai sana'a ke fuskanta a intanet daga hannun abokin hamayyarsa. Tambayar da za mu bi har ƙarshen shirin guda ɗaya ce: idan wanda kuke sana'a iri ɗaya da shi ya ɗaura ɗamarar ɓata maka suna, me ya kamata ka yi?

Bari mu fara da misali. A ce wata baiwar Allah ce a Kano, tana haɗa yaji da garin kunu tana sayarwa ta WhatsApp da Instagram. Shekara biyar tana tara masu saye, ɗaya bayan ɗaya. Wani dare bayan sallar isha'i, sai ga saƙon murya ya faɗo zauren matan unguwa. Mai maganar ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi asibiti ba, amma tana rantsuwa cewa 'yar maƙwabciyar ƙanwarta na kwance rai a hannun Allah saboda ta ci wannan yaji. Kafin asuba saƙon ya zaga zaure goma, an haɗa shi da hoton robar yajin da lambar wayar mai shi. Da hantsi wadda ta ba da odar bikin 'yarta ta bugo waya, murya ƙasa-ƙasa: "Hajiya, don Allah a ɗan dakata da kayan nan tukuna." A ƙarƙashin hotunan hajarta kuma ga shafuka uku, duk an buɗe su a mako ɗaya, babu mai hoton fuska, kalmominsu iri ɗaya, kowanne kuma yana rufe zagi da nuna wa mutane wata mai yajin daban. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce sawun ɓarawo. Wanda aka cuta da gaske kuɗinsa yake nema ko gyara; wanda aka turo kuwa, kwastomominki yake nema.

A nan hujjar shirinmu take. Abokin hamayyar da ya yi maka yarfe ba ɓacin ranka ne ribarsa ba. Ribarsa ita ce amanar da ke tsakaninka da masu sayen kayanka, domin ita ce jarin da ba ya cikin shago, kuma in ta karye ba a sayo ta a Kantin Kwari ko Dawanau. Saboda haka duk matakin da za ka ɗauka, ma'auninsa ɗaya ne: shin zai ƙara wa mai saye natsuwa da kai, ko zai rage? Wanda ya riƙe wannan ma'auni zai gane cewa ba da mai yarfen ya kamata ya yi magana ba. Masu sauraronsa na gaskiya su ne waɗanda suka yi shiru suna kallo, suna jiran su ga ko a ci gaba da ciniki ko a canja layi.

Kada wani ya ɗauka wannan halin ƙananan 'yan kasuwa ne kawai. A watan Oktoban 2013, hukumar kula da adalci a harkar ciniki ta Taiwan ta ci kamfanin Samsung tarar dalar Taiwan miliyan 10, bayan ta tabbatar an biya mutane suna shiga intanet kamar masu saye, suna yabon wayoyin kamfanin, suna kushe na abokan hamayya irin su HTC. Sojojin baka ke nan, sai dai na kasuwa. A Amurka kuma, kamfanin Procter & Gamble ya yi shekaru yana fama da jita-jitar cewa yana kai ribarsa ga masu bautar shaiɗan. A 1995 wasu dillalan kayan kamfanin Amway, wanda shi ma ke sayar da sabulu da kayan wanki, suka sake yaɗa maganar ta saƙon murya a tsakaninsu. Procter & Gamble ya kai ƙara, amma sai a 2007 wata kotu a jihar Utah ta yanke cewa dillalai huɗu su biya shi diyyar dala miliyan 19.25. Shekara 12 ke nan tsakanin ƙarya da hukunci, ga kamfanin da ke da kuɗi da lauyoyi. Ita kuwa ƙarya ba ta jira. Wani bincike da masana a jami'ar MIT suka wallafa a 2018, bayan nazarin labarai kusan 126,000 a Twitter, ya nuna cewa labarin gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Gaskiya ne ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshen ramin, jarin mutum na iya narkewa.

To, tun da ƙarya ta fi ka gudu, aikin farko shi ne ka kama sawunta kafin ta share shi. Yawancin mutane da sun ga zagi sai hannu ya yi sauri, ko su goge, ko su toshe shafin, ko su mayar da martani. Tsaya tukuna. Ɗauki hoton fuskar wayar yadda sunan shafin da rana da lokaci za su fito. Kwafi adireshin rubutun. Adana saƙon muryar yadda ya zo, ka nemi wanda ya turo maka ya faɗa maka daga wane zaure ya samo shi. Sami littafi ka riƙa rubuta kowace oda da aka janye, da sunan mai ita, da kuɗinta, da dalilin da ya bayar, domin ranar da ka tsaya gaban alƙali, ba za a tambaye ka zafin da ka ji ba, asarar da ka yi za a nemi ka nuna. Kada ka sayar da wayar ko ka wanke ta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi shaidar da aka ciro daga kwamfuta ko waya, ciki har da takardar tabbaci da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da shaidar. Sai ka gama wannan duka, sannan ka kai rahoton shafukan bogin ga Facebook ko Instagram ko TikTok don a sauke su.

Aiki na biyu shi ne ka yi magana, amma sau ɗaya, kuma da masu sayenka. Kada ka ambaci sunan wanda kake zargi, kada ka maimaita ƙaryar dalla-dalla, don kada ka zama kai ne mai kai ta kunnen da ba ta isa ba. Nuna abin da za a iya gani da ido. In kana da lambar NAFDAC, nuna ta. In rajistar kamfani ce, nuna takardar. Mai yajin nan za ta iya ɗaukar bidiyon wurin da take aiki, daga wankin barkono har zuwa rufe roba, ta ce duk wanda kayanta suka cutar ya kira ta, ta ɗauki nauyin magani da gwaji. Sannan ta bugi manyan kwastomominta waya ɗaya bayan ɗaya. Kira goma irin wannan ya fi rubutu ɗari a intanet, domin mutumin da ya ji muryarki babu rawa, shi zai kare ki a zauren da ba kya ciki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ja ɗin nasu na da tushe. Wani dattijo zai ce ai shiru ma magana ce, a bar wa Allah, mai haƙuri yakan dafa dutse. Haƙuri alheri ne, babu musu, kuma idan zagi ne na mutum ɗaya da bai wuce bakin shafinsa ba, ƙyale shi ya fi. Amma idan aka ce kayanka na kisa, ko ka cinye kuɗin mutane, shirunka ba a karanta shi a matsayin dattako. Masu kallo fassara shi suke da cewa ba ka da ta cewa. Haƙurin da ake nufi shi ne ka danne fushi, ba ka bar abincin iyalinka da na yaran shagonka a hannun maƙaryaci ba. Wani matashi kuma zai ce a'a, a rama, shi ma a buɗe masa shafin bogi, a tono asirinsa. Wannan ita ce kyautar da mai yarfen ke jira. Da zarar ka rama, magana ta tashi daga "an zalunci wane" ta koma "wane da wane suna faɗa", masu saye su guje ku duka biyu, kai kuma ka zubar da hujjarka, ka buɗe wa kanka ƙofar tuhuma. Balle ma sau da yawa ba ka da tabbacin wanda ke bayan shafin. In ka kama sunan wanda ba shi ba ne, ka zama abin da kake kuka da shi.

Ja na uku ya fi nauyi, shi ne na masu cewa a sa 'yan sanda su ɗauko shi kawai, ai akwai doka. Doka kam akwai. Tsohon kundin Final Kod da jihohin Arewa suka gada ya bayyana ɓata suna a sashe na 391, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun, a sashe na 392. Akwai kuma sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Sai dai an yi ta amfani da wannan sashe wajen kama 'yan jarida da masu suka, har Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a 2024 aka yi masa gyara aka taƙaita shi. Sannan ga darasin da ya faru a gabanmu. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa ta ji sukari ya yi yawa a wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco. Kamfanin ya ce ta ɓata masa suna, ya kai koke wurin 'yan sanda, aka kama ta, aka tafi da ita Abuja. Abin da ya biyo baya shi ne labarin ya cika ƙasa har ya tsallaka waje, jama'a da dama suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Ko wa ke da gaskiya a shari'ar, mutanen da ba su taɓa ganin rubutun ba sun ji shi ne ta dalilin kamun. Darasin a fili yake: ba duk mai suka ne maƙiyi ba. Kafin ka ce hassada ce, ka binciki kayanka. In akwai gaskiya a ƙorafin, gyara da ba da haƙuri ne magani, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka hawa ake yi mataki-mataki. In ka tabbatar da wanda ke yi, kuma ɗan kasuwarku ne, fara da shugabannin ƙungiya ko sarkin kasuwa, ka shimfiɗa musu hujjarka. Mutumin da ba ya jin kunyar intanet yakan ji kunyar dattawan layinsu, kuma janye magana a gabansu, da kuma a shafin da aka yi ta, ya fi diyyar da za a jira shekaru. A Kano akwai zauren sulhu na Hisba, akwai kuma sashen sasanci na babbar kotun jiha. In hakan bai yi ba, lauya ya rubuta takardar gargaɗi, ya nemi a goge, a janye, a ba da haƙuri a fili. In aka ƙi, sai ƙarar neman diyya. Amma akwai iyakar da in an tsallake ta ba a jiran sulhu: barazanar kisa ko duka, wallafa adireshin gidanka, ambaton makarantar 'ya'yanka, ko yaɗa hotunan iyalinka. Nan take a kai wa hukuma. A 2019 wasu ma'aikatan kamfanin eBay suka tasa wasu mata da miji gaba a jihar Massachusetts ta Amurka saboda rahotannin da suke wallafawa kan kamfanin. Aka fara da saƙonnin zagi daga shafukan bogi, aka kai ga aika musu kyankyasai da gizo-gizo masu rai da furen jana'iza, har ana bin motarsu. Suka kai rahoto ga 'yan sanda da abin da suka tattara. Daga ƙarshe ma'aikata bakwai suka amsa laifi, wasu suka tafi kurkuku, kamfanin kuma ya biya tarar dala miliyan 3 a 2024. Hujja ce ta ja musu gora, ba ramuwa ba.

Saura namu kason, mu masu karɓar saƙo. Yarfe ba ya tafiya da ƙafarsa, yatsunmu ne ke ɗaukarsa daga zaure zuwa zaure. Suratul Hujurat ta umarci muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu cikin rashin sani su dawo suna nadama. Idan saƙon murya ya zo maka a daren yau, babu suna, babu wuri, babu rana, ka tuna cewa a ɗaya ƙarshensa akwai mai yajin da ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta da wannan roba. Ka kira ta ka tambaya, ko ka bar saƙon ya mutu a wayarka. Ranar da mai yarfe ya rasa masu tura masa, ranar zai koma gyara hajarsa, wanda shi ne gasar da kasuwa ta sani.

A nan za mu dasa aya.

(Kiɗan rufe shiri)