Ƙidayar dala da hanyoyin haɗa canji a kasuwannin Yamai

1. Gabatarwa

Tun daga 1945 ake amfani da kuɗin sefa a ƙasar nan, amma Bahaushe bai taɓa ƙidaya su da tamma ba. Ma'auninsa dala ce, wato tamma 5, sunan da ya gada daga azurfar Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780. Saboda haka lambar da ke bisa kuɗi daban take da wadda baki ke faɗi:

5 F: dala
10 F: dala biyu
25 F: dala biyar
50 F: dala goma
100 F: dala ashirin

2. Hanyoyin haɗa adadi guda

Mu ɗauki dala biyar. Ana haɗa ta ta hanya 4: ƙwaya guda ta 25 F, 10 F biyu da 5 F guda, 10 F guda da 5 F uku, 5 F biyar. Dala goma tana da hanya 11, dala ashirin kuwa 41. Mai tebur a Katako ko Wadata bai lissafa su ba, amma yana zaɓen wadda ta dace nan take. In an sayi kayan dala bakwai aka ba shi dala ashirin, sai ya fara daga bakwai ya hau: dala, takwas; dala biyu, goma; dala goma, ashirin. Ƙari yake yi, alhali littafin lissafi ragi yake koyarwa.

An saba cewa wanda ya fara da ƙwaya mafi girma shi zai ba da ƙwayoyi mafi ƙaranci. Ga ƙwayoyi biyar na sama haka ne. Amma fitowar 250 F a 1992 da 200 F a 2003 ta karya wannan ƙa'ida. Dala tamanin, in an fara da dala hamsin, ƙwaya uku ce. Dala arba'in biyu kuwa sun isa.

3. Matsalar harshe

Harshe na bambanta adadi da siffarsa. "Dala goma" jimla ce. "Dala biyar-biyar guda biyu" ta faɗi irin ƙwayoyin. A rubuce bambancin ya kan ɓace. Ɗalibin yaƙi da jahilci da aka ce wa "biyar" zai rubuta 5, alhali 25 ke bisa kuɗin da ke hannunsa. In ya karanta 100 F a takardar awo ya ce "ɗari", mai sauraro zai zaci 500 F. A cinikin gyaɗa ko albasa wannan kuskure hasara ce ninki biyar.

4. Shawara

Ya kamata littattafan lissafin manya su soma da dala, su jera kowane adadi a gida biyu, na baki da na takarda, su kuma koyar da ninkawa da rabawa da 5 tun da wuri. Ɗalibi ya riga ya iya canji. Abin da ya rage masa shi ne rubuta shi.