Yadda Za Ka Zaɓi Cajar Baturin Jirgin Ruwa

Ya kai masuncin da ke kwana a tafkin Kainji ko Shiroro, baturin da ke tayar maka da inji, ya kunna maka fitila, shi ne abokin tafiyarka. Idan ya mutu da dare a tsakiyar ruwa, kai da kifinka kuna cikin haɗari. Sau da yawa kuwa cajar da ba ta dace ba ce ke kashe shi.

Da farko, karanta rubutun jikin baturin. Mai bolt 12, cajar bolt 12 yake buƙata. Ƙarfin cajar ya kasance kusan ɗaya bisa goma na girmansa: baturi mai 100Ah, caja mai amfiya 10.

Na biyu, baturin ruwa da na jel da na litiyam kowanne da irin cajinsa. Nemi wadda ta dace da naka, mai rage wuta da kanta idan ya cika, don kada ruwansa ya ƙone.

Na uku, zaɓi mai alamar IP67, wadda ruwa ba ya shigarta cikin sauƙi.

Yi caji inda iska ke kaɗawa, nesa da fetur da taba, domin baturin ruwa yana fitar da iska mai kama wuta. Malamin gona, ka riƙa tunatar da masunta wannan.